Gemun Malam Habu da Takardar Inshora

Ku da kuke zuwa neman aikin hutu idan makaranta ta tashi, maganarku kullum ɗaya ce: "Baba Isiyaku, ai cire rufi ne kawai, a ba mu guduma." To, guduma ce abu na farko da ba a shiga da shi wurin aikinmu. Shekara goma sha shida ke nan ina cire asbesto a garin nan na Alƙahira. Malaminmu na ajin manya, inda nake koyon karatu ranar Asabar, ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani. Ni wannan na sani.

Asbesto ba ya wari, ba ya sa tari ranar da ka shaƙe shi. Shi ya sa ake raina shi. Mutanen da sun zuba shi ko'ina: kwanon rufi na siminti, silin, bututun ruwa, da farin abin da ake naɗe bututun tukunyar ruwan zafi da shi a tsofaffin gidaje. Idan yana zaune bai fashe ba, ba ruwansa da kai. Idan ka fasa shi, sai ya saki wani gashi siriri da ido ba ya gani, ya shiga huhu ya yi zamansa. Sai bayan shekara ashirin ko talatin ya neme ka, lokacin har ka manta gidan da kuka haɗu.

Dako nake yi a kasuwar Ataba ranar da na haɗu da maigidana, Usta Girgis. Ya sayi naɗin leda mai kauri guda shida, na kai masa mota. Ban jefa su ba, na share bayan motar tukuna saboda na ga ƙusa, sannan na jera. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Wa ya ce ka share?" Na ce ƙusa tana huda leda. Ya ce, "Gobe ƙarfe bakwai, ka same ni a bakin tashar jirgin metro."

Aikinmu na farko wani ofis ne a hawa na huɗu a Wustul Balad, wato tsakiyar gari, silin za a sauke. Na zaci za a miƙa mini wani ƙarfe in hau tsani. Wata uku na yi ban taɓa asbesto ba. Leda da salatif, shi ke nan aikina. Sai an rufe ɗaki gaba ɗaya da leda, bango da ƙasa da taga da ramin fitila, a sa injin da ke zuƙe iskar ciki yana tace ta. In an gama, Usta ya cika ɗakin da hayaƙi ya fito ya tsaya yana kallo. Inda hayaƙi ya fita, nan ƙura za ta fita. Ɗakina na farko ta wuri biyar ya yi yoyo. Ya kira ni da sunana irin na Larabawa, ya ce, "Ya Ishaƙ, ka yi wa hayaƙi ƙofa biyar. Ko gidan basha, mai sarauta, bai kai haka ba." Ya sa na yaye duka na sake.

Da ya yarda na shiga ciki, sai ya nuna mini kayan aikin: tulun feshi mai ruwa da sabulu, ƙaramar wuƙar kankara, tsumma, jan buhun leda da ake ninkawa biyu, farar riga mai hula da ake sawa sau ɗaya a yar, da takunkumin roba mai matatar iska biyu. Ba tsintsiya, ba injin yanka. A jiƙa, a jira ruwa ya shiga, a ɗaga a hankali, a sa a buhu. Wanda yake da gaggawa ya koma Ataba. Wurin fita kuma ɗaki uku ne na leda a jere: a na farko ka tuɓe rigar, a na biyu ka yi wanka da takunkuminka a fuska, a na uku ka sa kayanka na gida.

A bakin ɗakin wankan nan ne ya ba ni labarin gidansu, sau ɗaya, bai ƙara ba. Usta Kirista ne, Bakibɗe. Ubansa ya yi aiki a masana'antar bututun siminti, yana komawa gida fari fat. Uwarsa ce ke kakkaɓe kayan a baranda kafin ta wanke. Ita ba ta taɓa taka masana'antar ba, amma ita ta riga mutuwa, da ciwon huhu. Uban ya bi ta bayan shekara biyu. Ya ce, "Ko zare ɗaya na kayan aiki ya je gidanka, na kore ka. Khalas?" Na ce khalas, wato magana ta ƙare.

Yanzu in zo kan takardar, don ita ce ba ku gani. Inshora, wadda mutanen nan ke cewa ta'amin. Kusan duk ɗan kwangilar gini yana da wata a jaka. In lebura ya faɗo daga tsani ko an fasa gilashin maƙwabci, kamfani ya biya. Amma a cikinta akwai layin da ya ce ban da abin da ya shafi asbesto. Da yawa suna nuna wa mai gida ita haka nan, shi kuma ya ga hatimi ya gyaɗa kai. Ta Usta daban ce. Ya sha yawo kafin ya sami kamfanin da ya yarda ya ɗauki asbesto da sunansa. In ƙura ta tsere ta shiga gidan wani, su za su ɗauki nauyin tsabtacewa. In ma'aikaci ya kamu da ciwo ta dalilin aikin, yana da inda zai dafa, kuma ga shaidar yadda huhunsa yake tun ranar da ya fara. Sai dai sun ɗaure mu da sharuɗɗa. Duk wanda zai shiga leda sai sunansa yana cikin takardar, an ɗauki hoton ƙirjinsa, kuma a sake duk shekara. Sai an gwada takunkuminsa a fuskarsa. Buhunan da muka cika sai a kai su inda hukuma ta ware, a dawo da shaida. Injiniyarsu kuma tana iya faɗowa ko yaushe. Mutum ɗaya ya saɓa a cikin ledar nan, takardar ta faɗi a kan aikin duka.

Takardar nan ita ke zaɓar mana masu ba da aiki. Wani mai shago a Wustul Balad ya taɓa ce wa Usta, "Kai ka ce kwana goma, wani ya ce kwana biyu." Usta ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Shi kwana biyu zai yi, ƙurarsa ta yi shekara talatin da kai." Mutumin ya ba wa mai kwana biyun. Mu namu su ne gidajen jakadu na unguwar Zamalek, da makarantu, da kamfanonin da ba sa buɗe maka ƙofa sai lauyansu ya karanta takardarka layi-layi.

Ni a lokacin ban iya karatu ba, da ɗan yatsa nake sa hannu. Usta kuwa ba ya yarda mutum ya dangwala a kan abin da bai ji ba. Wanda ke karanta mana ita da Hausa shi ne Malam Habu, mutumin Gusau. Karatun addini ya kawo shi, tallafin ya yanke, ga mata ga 'ya'ya uku, sai ya shigo cikinmu. Mutum ne mai natsuwa, yana da gemu cike da hannu, wanda reza ba ta taɓa ba tun yana saurayi. Gemun nan shi ya hana shi shiga leda, domin takunkumi sai ya kama fata, gashi kuwa ƙofa ne. Shekara huɗu yana aikin waje: kula da inji, karɓar buhu, rubuta shaida. Ba wanda ya damu.

Sai shekarar korona ta zo. Ita ce mummunar shekararmu. Ofisoshi suka rufe, ayyuka suka tsaya. Takunkumi da matatar iska suka ɓace daga kasuwa, don kowa ya koma nemansu. Ma'aikatanmu biyu suka tafi ƙauyensu a Sa'id, can kudancin Masar, ba su dawo ba. Muka rage ni, da Malam Habu, da wani Bamisire mai barkwanci, Sayyid. Aiki ɗaya tak ya rage a hannu: ɗakin tukunyar ruwan zafi a ƙarƙashin wani tsohon gida a Zamalek, inda iyalin wani jakada za su tare. Bututu ko'ina, naɗe da farin abin nan har ya fara zuba. Aikin mutum uku ne a ciki, Usta da kansa zai tsaya waje. Ma'ana, ko Malam Habu ya shiga, ko a ɗauko wani a madadinsa, don ba halin riƙe mutum na huɗu.

A nan na kawo dabarata, kuma ina rubuta ta ne don kada wani ya maimaita. Na ce, "Malam, mu shafe gemun da basilin ya kwanta, takunkumi ya zauna a kai." Muka gwada a gidana. Ya toshe matatar da tafin hannu ya ja numfashi, robar ta manne. Na ce, "Ka gani? Turawa ba su san komai ba." Usta da ya ji ya ce, "Ban yarda da ita ba. Amma in ta ci gwajin injiniya, tamam, ba laifi."

Injiniyar, Madam Nadiya, ta zo da safe ana zafin da ke narka kwalta. A farfajiyar gidan ta yi gwajin. Ka sa takunkuminka, ta kifa maka wata hular leda har kafaɗa, ta fesa wani ruwa mai ɗaci a ciki, ta ce ka juya kai, ka sunkuya, ka yi magana. In ka ji ɗaci a harshe, takunkuminka yana yoyo. Ni da Sayyid muka wuce. Aka zo kan Malam Habu.

Ta fesa. "Ka ji wani abu, ya shehi?"

"Tamam," in ji shi.

"Juya hagu. Sunkuya. Yanzu fa?"

"Tamam, tamam."

Amma idonsa ya kawo ruwa, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka kamar wanda ya haɗiyi maɗaci. Basilin kuwa ya narke yana ɗiga a wuyan rigarsa. Sayyid ya juya baya kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ta cire hular, ta goga hankici a bakin takunkumin, ta ɗaga shi sama.

"Wannan kuma dabarar wane likita ce?"

Na ce tawa ce. Ta dube ni ta ce man nan har robar yake lalatawa. Sannan ta juya ga Malam Habu. "Ban ce ka aske ba, ya shehi, wannan ba hurumina ba ne. Na ce da wannan takunkumin ba za ka shiga ba. In ka shiga, babu inshora a kan kowa."

Da ta tafi, Usta ya ce, "Ya Habu, gashi ne, zai sake fitowa."

"Na sani, ya Usta."

"Limamin cocinmu gemunsa ya kai cibiya, ina sumbatar hannunsa. Amma shi ba ya shiga ɗakin tukunya."

"To, ni ma ba zan shiga ba. Ma'alish, ka yi haƙuri." Ya ninke farar rigar da bai ɓata ba, ya ajiye, ya yi mana sallama. Ba faɗa, ba ɗaga murya.

Kwana biyu bayan nan matata ta dawo daga gidansu ta ce Hajara, matar Malam Habu, ta ce ya sami aiki, alhamdu lillahi, rufin wani tsohon sito suke saukewa a bayan gari. Na san mai wannan kwangilar. Ba shi da takarda, ba ya tambayar gemun kowa. Na sami Usta yana karyawa da ful, dafaffen waken nan nasu, a bayan mota na faɗa masa. Ya ajiye gurasar. "Yalla, maza shiga mota."

Tun daga nesa muka hango ƙurar. Mutane shida a kan rufi da guduma, suna fasa kwanon a bushe suna jefowa ƙasa. Malam Habu ya naɗe hancinsa da rawani, gemunsa ya yi fari kamar na ɗan shekara tamanin. Shi da ya karanta mana takardar, ya fi kowa a rufin nan sanin abin da yake shaƙa. Usta ya zaga ta inda iska ke fitowa, ya kira shi. Da ya sauko ya buɗe baki zai yi bayani, Usta ya ce, "Rufe bakinka, kada ka motsa." Ya jawo tiyon ruwan magina ya jiƙa shi sharkaf daga kai har ƙafa, da kayansa a jiki. Muka tuɓe shi a bayan mota, kayan suka shiga jan buhu, na ba shi jallabiyata. Usta ya ɗaga murya ya ce wa na kan rufin su jiƙa kafin su fasa, ko don 'ya'yansu. Ɗaya ya yi dariya, biyu suka tsaya suna kallon tiyon. Mai kwangilar ya fito yana zagi, Usta bai ko dube shi ba.

A mota ya tambaya, "Kayan da ka sa jiya fa?"

"Suna gida. Hajara za ta wanke."

Ban taɓa ganin Usta ya taka mota haka ba. Ya ce, "Kira ta! Kada ta kakkaɓe, kada ta taɓa, ta fitar da yara." Allah ya taimaka, ruwa bai zo unguwarsu ba ranar, kayan suna ƙulle a leda bayan ƙofa inda ya ajiye su. Muka jiƙa su a cikin ledar, muka ninka buhu, muka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma sau uku. Hajara tana daga tsakar gida tana cewa, "Yaya Isiyaku, lafiya? Wanki ne fa kawai." Na ce lafiya lau, yau mun hutar da ke.

Daga ƙofar gidan Usta ya kira Madam Nadiya ya tambaye ta ko babu wata hanya. Ta ce akwai wata hula mai rufe kai duka, da ƙaramin inji a ɗamara yana tura tatacciyar iska ciki. Ita ba ta bukatar kama fata, kuma kamfani ya yarda da ita. Amma a wannan shekarar, in ji ta, in ka samo ta ka zo in yi maka guɗa. Kwana huɗu muna bin shagunan Ataba da na kayan masana'antu, ba ko ɗaya. A ƙarshe aka kwatanta masa wani a Iskandariyya mai sayar wa masu gyaran jirgin ruwa kaya. Yana da guda ɗaya, ba ya son rabuwa da ita. Usta ya ɗora injinmu na zuƙar iska na biyu a mota, wanda yake ji da shi kamar ɗa, ya kai masa, suka yi musaya.

Mai kula da gidan Zamalek kuwa kullum sai ya kira, yana cewa zai ba wani aikin. Usta ya ce, "Ba shi, in yana da takarda irin tawa." Kwana goma sha ɗaya mutumin ya jira.

Ranar da Madam Nadiya ta dawo duba hular, Sayyid ya ja Usta gefe ya ce kada a ambaci maganar rufin nan, kada a ja mana. Usta ya ce a gabanta, "Mutumin nan ya yi kwana biyu yana fasa asbesto a bushe, ba a wurina ba. Ki rubuta." Ta ce ya san wannan zai sa kamfani ya ƙara sa masa ido? Ya ce ya sani. "In wani abu ya fito bayan shekara ashirin, ba na so likita ya yi ta lalube. A san ranar, a san wurin." Ta rubuta, ta sa aka sake ɗaukar hoton ƙirjinsa, sannan ta sa sunansa cikin masu shiga ciki.

Mako uku muka yi a ɗakin tukunyar nan. A nan na ga hannun Malam Habu. Shekara huɗu yana kallo daga waje, ashe yana haddacewa. Ya jiƙa bututu, ya jira, ya tsaga naɗin a tsaye, ya ɓare shi ɗungurungum kamar ɓawon rogo, ko gari ba ya zuba. Mu muna gumi a cikin roba, shi iska tana kaɗa masa gemu a cikin hula. Sayyid ya ce, "Ya Usta, ni ma daga yau na tuba, gemu zan tsayar. Shehi yana cikin takyif yana shan sanyi, mu muna cikin tanda." Da aka auna iskar ɗakin a ƙarshe, ta fito fes, Madam Nadiya ta sa hannu, iyalin suka tare.

Har yanzu Malam Habu yana tare da mu, shi ke koya wa sababbi aikin bututu. Bana da aka sabunta takardar, ni da kaina na bi layin sunaye da yatsa na karanta. Ga nawa, ga nasa, an rubuta hular a gefensa, kwana biyun nan kuma suna nan a ƙasa ba a goge ba. Duk shekara Usta ke raka shi ɗaukar hoto, ko da aiki ya yi yawa. Makon jiya muka je tare. Likita ya duba ya ce huhu lafiya lau. Malam Habu ya ce, "Alhamdu lillahi. Khalas ke nan, ya Usta."

"Ba khalas ba. Baɗi ma za mu dawo."

Da muka fito rana, Usta ya tsaya ya ƙura wa gemun ido. Wani fari-fari ya fito a gefen haɓa. Ya miƙa hannu ya kama gashin, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya duba yatsun ko ƙura ce.

Malam Habu ya ce, "Furfura ce, ya Usta."

Usta ya sake murzawa, ya sake dubawa, sannan ya saki.

"To, Allah ya ƙaro ta," in ji shi. "Ya cika gemun duka da ita."